Saura Yatsa Ɗaya

Ina cikin rufe ƙofar shago wayata ta yi ƙara. Wani ne, wai manajan kamfanin robobi da ke bayan gari. Laftof ɗinsa ta daina buɗewa da zanen yatsa, kuma lallai yau yake so a duba. Na ce masa gobe ma rana ce. Ya ce ai ya turo mota, tana bakin layinmu tun ɗazu. Na leƙa, sai ga ta kuwa. Ni kuma ba kullum ake turo mini mota ba, sai na ɗauki jakar kayan aikina na shiga ina hura hanci, maƙwabtana masu gyaran waya suna kallo.

Rana ta yi ja muka isa, ma'aikata duk sun tashi. Direban ya sauke ni a bakin get, ya ce shi nan ne iyakarsa, ya juya.

Mai gadi ne ya raka ni, wani dattijo mai jan ƙafa. Hanyar ofis ta cikin ɗakin injuna take. An kashe su duka, amma ɗakin bai huce ba, warin narkakkiyar roba da baƙin mai ya cika shi. A can ƙarshe akwai wani inji da aka lulluɓe da tamfol aka ɗaure da igiya. Na lura dattijon ya kauce masa ya bi ta jikin bango. Da na tambaya, sai ya rage murya.

Ya ce injin matse roba ne, wani ma'aikaci da suke kira Dogo ke kula da shi. Dogo ya sha kai ƙara cewa birkin injin ya lalace, manaja ya ce a lallaɓa a haka. Ran nan injin ya sauko a kan hannayensa biyu ya kwashe yatsun duka. Da ya fito daga asibiti ya dawo da dungu a naɗe, yana roƙon ko shara ce a ba shi. To a kamfanin da yatsa ake shaida zuwa aiki, kowace safiya a dangwala a wata na'ura a bakin ƙofa, sunaye su tafi kwamfutar manaja. Dogo ba shi da abin dangwalawa. Sai manaja ya juyo masa da fuskar kwamfutar, ya ce ga shi nan, na'ura ta nuna tun ranar bai zo aiki ba, don haka shi ya kori kansa. Ciwon ya ruɓe, bai daɗe ba ya rasu.

"Yi abin da ya kawo ka ka fita, ɗana," in ji dattijon. "Kada duhu ya same ka a sama."

Na ce Allah ya jiƙansa, na hau bene. Labarin ya ɓata mini rai, amma ni gyara aka kira ni, ba shari'a ba.

Manajan ƙaton mutum ne mai tumbi, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya daɗe rabonsa da barci. A wannan zafin yana sanye da baƙar safar hannu. Ya tarbe ni da fara'ar da ta yi yawa, Injiniya sama Injiniya ƙasa, amma bai ba ni hannu ba. Laftof ɗin na kan tebur. Ya matse biro tsakanin tafukansa biyu ya danna lambar sirri da gindinsa, ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe. Ya ce ƙaiƙayi ne ya fito masa, likita ya hana shi cire safar.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi. Na goge ɗan gilashin da ake ɗora yatsa da auduga da sifirit. Na duba manhajar da ke tuƙa shi, lafiyarta kalau. Na kashe kwamfutar na kifa ta, na kwance kusoshi, na duba siririyar wayar da ta haɗa gilashin da cikin injin. Ba ta tsinke ba, ba ta goce ba, ko ƙura babu. Na mayar na ɗaure na kunna. Ban ga abin gyara ba, na kuwa gaya masa. Na ce sai dai ya daure ya cire safar mu gwada.

"Ai ku masu gyara da naku kuke gwadawa, ko ba haka ba?"

Gaskiya ya faɗa. Duk mai wannan sana'ar haka yake yi: ka shigar da yatsanka, ka ga ya buɗe, ka goge, ka miƙa wa mai kaya. Na yi hakan ban san iyaka ba. Ban ko yi tunani ba na buɗe wurin ƙara sabon yatsa na ɗora manuniyata ta dama.

Shigar da yatsa ba ɗorawa ɗaya ba ce. Ka ɗora, ka ɗaga, ka sake ɗorawa, zanen yana cika kaɗan-kaɗan a fuskar kwamfuta. Da farko gilashin da sanyi, kamar yadda na saba. Ana cikin haka ya yi ɗumi. Sai ya yi danshi. Na ɗauka sifirit ne bai bushe ba.

A ɗorawa ta ƙarshe wani abu ya tsotsi yatsana daga ƙasa, kamar jariri ya kama nono.

Na fizge hannuna. Kwamfutar ta nuna an gama. Nan take wuta ta ɗauke, fankar sama ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Hasken laftof kawai ya rage a ɗakin.

Kan yatsana ya mutu. Na cije shi, ban ji komai ba.

"Alhamdu lillahi," in ji manaja, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Har yau in na tuna wannan hamdalar sai zuciyata ta tafasa.

Ya sa haƙori ya zare safar. Na haska da wayata. Yatsunsa sun koma toka-toka, sun lanƙwashe, sun yi sumul kamar kyandir, babu zane ko ɗaya. Ɗan ƙaramin yatsansa na hagu ne kaɗai ke motsi.

Bai ɓoye mini komai ba, don a ganinsa an riga an gama. Ya ce bayan mutuwar Dogo kwamfutar ta ƙi babban yatsansa, yatsan ya mutu, sai ya shigar da na kusa da shi, shi ma ya mutu, ya shigar da wani. Kafin ya gane ba na'urar ce ta lalace ba, hannu guda ya tafi. Da ya daina shigarwa, sai aka fara zuwa karɓa kowace magariba, in ya hana a danne masa maƙogwaro har sai ya bayar. Ya jefar da kwamfutar a rijiya, da safe ya same ta a kan teburinsa a bushe. Wani boka mai duba ya gaya masa yatsu goma ake binsa, amma in wani ya ɗora cikon na goman da kansa, ba tilas, an biya.

"Ka yi haƙuri, Injiniya," ya ce. "Kai yaro ne, tara sun ishe ka. Zan kula da kai."

Da wannan yatsan nake jin ƙusar da ido ba ya gani. Da shi nake ciyar da 'ya'yana da mahaifiyata. Mutumin nan ya zauna ya yi lissafi, ya turo mota aka ɗauko ni kamar ɗan akuya.

Kafin in buɗe baki, wani abu ya buga a ƙasa.

Gam.

Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe, daga ƙarshen ɗakin injuna. Babu wuta a ginin.

Gam.

Na juya kan kwamfutar da sauri na nemi wurin goge yatsa. Ga nawa nan, shi ne na ƙarshe. Na danna, bai gogu ba. Na sake dannawa. Mutuwar ta wuce farce ta kai gaɓar farko.

Injin ya yi shiru. Sai taku a kan bene, mai nauyi, ba sauri. Wani wari ya riga shi isowa, warin ruɓaɓɓen ciwo da maganin asibiti.

Aka buga ƙofa. Ba ƙwanƙwasawa ba ce irin ta yatsu. Wani abu ne mai laushi, dum, dum, kamar ana dukan katako da danyen nama.

Manaja ya ja kujerarsa baya har ta daki bango. "Ga shi nan," ya ce cikin raɗa. "An ba ka. Ka tafi."

Ƙofar ta turo a hankali.

Dogo ne ƙwarai, kansa na goga saman ƙofa. Shuɗin kayan aiki ne a jikinsa. Hannayensa na rataye a naɗe da bandeji, baƙin abu yana ɗiga daga ciki, ɗis, ɗis, a kan tayil. Ko shi ne, ko wani ne ya ari kamarsa, Allah ne masani. Fuskar ban kalla ba, kuma na gode wa Allah.

Duk addu'ar da na iya ta tsere daga kaina. Ya matso har na ji sanyinsa a ƙeyata.

"Ni ban ci maka komai ba," na ce.

"Na sani." Maganar kamar iska ta cikin bututu. "Amma goma na bari a injin nan."

Na kalli manaja. Ya cusa hannunsa na hagu a hammata yana ɓoye ɗan yatsan nan. A nan tsorona ya juye ya koma wani abu daban.

"In na ba ka na mai shi fa?"

Ɗis. Ɗis.

"Ya fi daɗi."

Na tsallake tebur. Ya fi ni girma nesa ba kusa ba, amma hannun da ba yatsu ba ya riƙe mutum. Ya kai mini gwiwa, ya cije ni a kafaɗa. Na murɗo hannun na hagu na jawo shi da kujerarsa har gaban kwamfutar, na buɗe wurin ƙara yatsa.

Na ɗora. Ya fizge.

Na sake ɗorawa, ya dunƙule. Yana kuka yana kiran sunan 'ya'yansa, yana cewa in dubi Allah. Shi da ya turo mota bai dubi Allah ba.

Mutuwar ta fara taɓa gaɓa ta biyu. Ƙarfina ya kusa ƙarewa.

Sai wani dungu mai sanyi ya sauko ta gefen kunnena, ya sauka a wuyan hannun manaja, ya danne shi a kan tebur. Hannun ya buɗe da kansa.

Na kama ɗan yatsan. Ɗora, ɗaga. Ɗora, ɗaga. Ban yi gaggawa ba, na juya shi gefe da gefe yadda zanen zai fito tsaf. Ban taɓa shigar da yatsa da kyau irin wannan ba.

Kwamfutar ta nuna an gama.

Na danna nawa. Ya gogu.

Ban ɗauki jaka ba. Na bi ta ƙarƙashin hannun nan mai ɗiga na faɗa bene. A ɗakin injuna tamfol ɗin yana ƙasa, igiyar a tsinke, injin ya buɗe baki yana jira. Na ratsa da gudu. A bayana manaja ya saki wata ƙara, injin ya amsa masa da bugu ɗaya, ginin ya girgiza. Dattijo ya riga ya buɗe get yana tsaye da tocila. Ban tsaya ba sai a bakin titi.

Na yi kwanaki ina zazzaɓi. Da na tashi, gaɓa ta biyu ta farfaɗo, amma ta farko ba ta dawo ba. Kan manuniyata ya zauna sumul, ba zane, ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Sai da na koma koyon riƙe sukudireba da yatsan tsakiya kamar sabon shiga, kusoshi suna zube mini a ƙasa ina rarrafe ina nema. Yanzu kowa ya kawo gyaran wurin yatsa, shi zai ɗora nasa, ko da kuwa kawuna ne. Na zagaye layinmu na gaya wa kowa ya yi haka.

Wata rana da azahar sai ga manaja a ƙofar shagona. Ya rame, riga ta yi masa yawa, jakar laftof na rataye a wuyansa. Ta bayan gilashi ya yi mini bayani da ƙarfi. Wai mai duban nan ya ce in wanda ya shigar da yatsan ƙarshe ya goge su duka da hannunsa, za su farfaɗo. Ni kaɗai ne zan iya, kuma aikin bai fi ƙiftawar ido ba.

Ƙofata irin mai mariƙin nan ce da sai an murɗa. Ya sa tafukansa biyu ya matse, suka zame. Ya gwada da gwiwar hannu. Ya gwada da haɓa. Maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo ya ce ko ya buɗe masa, bawan Allah yana ta fama a rana.

Na ce ya bar shi. Na jawo fitila kusa, na ɗauki ƙusar da nake ɗaurawa da yatsan tsakiya, na ci gaba da aikina.