Sunan da Inna Ba Ta Faɗa Ba

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina. Hadari ya haɗo ta bayan duwatsun Dutse, waɗannan da in mutum ya daɗe yana kallonsu sai ya ga kamar raƙuma ne suka durƙusa suka manta da tashi. A daidai lokacin wata budurwa ta yi sallama a rumfar gyaran waya ta Abdulrauf, gilashin wayarta ya tsage gida uku.

Yana karɓa ruwa ya kece. Ba halin tafiya, sai ta zauna a kan benci tana jira. Idonta ya faɗa kan tasa wayar da ke ajiye a tebur. A fuskar wayar akwai zanen wani gida na ƙauye, da rumbu, da randa a gindin darbejiya, da wata akuya mai kunne ɗaya.

"Wannan gidan waye?"

"Gidanmu ne na Miga," in ji shi. "Amma wasa ne. Ni na haɗa shi."

Wani irin wasan waya ne mai ban mamaki. Ba a harbi, ba a tseren mota. Tafiya kawai ake yi, a haɗu da mutane, a zaɓi abin da za a faɗa musu, labari ya yi ta juyawa. Masu yin irinsa kullum cikin musu suke: wasu su ce zane ne ran wasa, wasu su ce magana ce. Abdulrauf yana cikin mutanen zane. Shekara guda ya yi yana zana gidan nan, har tsagar bangon ɗakin mahaifiyarsa bai bari ba.

Ya miƙa mata. Labarin wani ɗan fari ne da aka aiko masa birni cewa mahaifiyarsa ba lafiya. Ta bi shi daga tasha zuwa mota, daga mota zuwa babur, har cikin ɗaki. Uwar tana kwance a tabarma, rubutu ya fito a ƙasanta: "Abdulrauf, ɗana, ka iso? Ina ƙaunarka."

Budurwar ta ajiye wayar a hankali.

"Zanen ya yi kyau, har akuyar nan kamar ta yi kuka. Sai dai matar nan ba uwarsa ba ce."

"Kamar yaya?"

"Ba ka ce ɗan fari ne ba? Wace uwa ce a Miga za ta kama sunan ɗanta na fari, har ta dube shi ta ce tana ƙaunarsa? Kunya ba za ta bar ta ba."

Abdulrauf ya tsaya da sukudireba a hannu. Mahaifiyarsa Inna Larai ta rasu a daminar bara. Ruwa ya cinye hanya, kafin ya isa an dawo daga maƙabarta. Shekara ashirin da bakwai bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai dai "wancan", ko "yayansu Fiddausi". Ya sa mata sunan a cikin wasa ne don ya ji shi ko da sau ɗaya.

Da ya gaya mata haka, sai ta sunkuyar da kai.

"Allah Ya jiƙanta. Ka yafe mini, bakina ya yi sauri."

"A'a, gaskiya kika faɗa. Ni ma duk sanda na kai wurin nan, ba na jin komai."

Sunanta Afra'u, 'yar Malam Modibbo mai makarantar Islamiyya a Kiyawa, kuma ita ke karantar da ajin 'yan mata. Ruwa ya tsaya, waya ta gyaru, ta tafi da lambarsa wai ko wayar za ta sake matsala.

Wayar ba ta yi matsala ba. Amma bayan kwana biyu saƙo ya shigo:

"Mai zane, gwada wannan. Uwar ba za ta dube shi ba. Za ta juya wajen ƙanwarsa ta ce: Fiddausi, duba ko wancan ya ci abinci. Shi ke nan, kada ka ƙara komai."

Ya karanta sau uku, sannan ya juya wa kasuwa baya don kada a ga fuskarsa. Ya rubuta:

"A ina kika san Inna?"

"Ban san ta ba. Ummana nake kallo, yadda take ɓoye wa ɗanta na fari, Yaya Muslim, tsokar nama a ƙarƙashin tuwo, sannan ta yi kamar ba ta san ya shigo ba."

Daga nan shi yana zane, ita tana rubutu. Ta ba direban tasha magana, ta ba mai sayar da rake, har akuyar ta samo mata dalilin rashin kunnenta. Ya raɗa mata suna Alƙalamina. Duk Juma'a bayan la'asar sai ya hau a-daidaita-sahu zuwa Kiyawa, su zauna a ƙofar gida a kan tabarma.

"Alƙalamina, me ya sa mutanenki ba sa faɗin abin da ke ransu?"

"Suna faɗa mana. Kai ne kake jira su ɗaga murya."

"To ke fa? Me ke ranki?"

Ta ja bakin mayafinta ta rufe rabin fuska. "Ka sha ruwan nan kafin ya yi ɗumi. Tun azahar na sa shi a randa."

Ya sha, yana murmushi. Ya soma gane yarenta.

To, akwai wani Muntaka, ɗan Ringim, mai shagon wasan ƙwallo na talabijin a Dutse. Ya taɓa karatu a wurin Malam Modibbo, kuma ya daɗe da sa ido a kan Afra'u. Da aka sanar za a yi taron baje kolin ayyukan matasa a Dutse, sai ga shi a rumfar Abdulrauf yana fara'a. Ya karɓi wayar ya daddanna, ya taɓe baki.

"Abokina, wannan wasa ne ko jarabawar Hausa? Ni nake zama da masu wasa daga safe har yamma. Ba wanda zai tsaya karatu. Hoto suke so, mai ƙyalli. Rage surutun nan, ka yi wa tsohuwar fuska sosai, ta kira yaron da sunansa kowa ya gane. In ba haka ba dariya za a yi maka."

Tsoron dariya ya shiga Abdulrauf. Bai gaya wa Afra'u ba. Ya yanke rubutunta ya bar kaɗan, ya zana wa uwar manyan idanu da hawaye masu sheƙi, ya mayar mata da tsohuwar maganar nan.

Ranar taro samari suka cika teburinsa suna cewa zanen ya haɗu. Kowa ya taɓa minti biyu ya wuce gaba. Can sai ga Afra'u tare da yayanta Muslim, ta yi kwalliya, tana ta murmushi. Ta ɗauki wayar. Yana kallon murmushin yana raguwa kaɗan-kaɗan har ta kai ɗakin uwar. Ta ajiye, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a," ta juya.

Kafin magariba saƙonta ya iso:

"Ban damu da rubutuna ba. Amma ka sa wa Inna maganar da ba ta yi ba don a tafa maka. Idan haka kake gyara waɗanda kake so, ina tsoron ranar da za ka gyara ni."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Shi kuwa Muntaka bai tsaya nan ba. Ya kai wa Malam hoton wasan, ya nuna masa fuskokin da aka zana da sunan Afra'u a jiki. Washegari Muslim ya zo rumfa, ko zama bai yi ba.

"Malam ya ce in gaya maka, ba zai ba da 'yarsa ga mai zana fuskokin mutane ba, wanda sana'arsa wasa ce. Kada ka sake zuwa."

Mako uku Abdulrauf yana buɗe rumfa yana rufewa kamar wanda aka aika. Ranar nan ya kulle ta ya tafi Miga. Gero ya fara fitar da kai. Ya shiga ɗakin Inna ya zauna a ƙasa, yana kallon tsagar bangon da ya zana daidai, ba kuskure ko ɗaya, amma ba ta gaya masa komai ba.

Ƙanwarsa Fiddausi ta shigo da kwano ta zauna a gefensa.

"Fiddausi, ranar nan, ta tambaye ni kuwa?"

"Haba Yaya, ka san Inna."

"Ko sau ɗaya?"

Fiddausi ta goge ido. "Duk babur ɗin da ya wuce sai ta ce, wannan ƙarar a ƙofar gida ce? Mu ce a'a. Da rana ta ƙi shan furarta. Ta ce a rufe a ajiye, ko wani zai zo da yunwa."

Nan ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba ranar ta'aziyya.

Da ya koma Dutse ya buɗe wasan ya soma gogewa. Ya goge fuskoki duka, ya goge ƙyallin. Ya bar rumbu, da randa, da hanya. Mutane suka zama inuwa a jikin bango. Ya mayar da rubutun Afra'u kalma-kalma, sannan ya canja ƙarshen ya zama yadda abin ya faru. Ya tura mata tare da saƙo:

"Alƙalamina, na cire duk abin da na yi don a yaba mini. Abin da ya rage naki ne da na Inna. Ko ba za ki amsa ba, ki kai ƙarshensa."

Kwana uku shiru. A na huɗu:

"Na karanta wa Umma, ta yi wa Malam magana. Ka zo Juma'a bayan la'asar. Ba wurina ba, wurinsa."

Ya tarar da Malam Modibbo a zaure a kan buzu, dattijo mai farin gemu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya miƙo hannu ba tare da ya dube shi ba.

"Kawo abin da ya hana mutanen gidana sukuni."

Ya riƙe wayar nesa da ido, Abdulrauf yana nuna masa inda zai taɓa.

"Ina mutanen? An ce mini ka cika shi da fuskoki."

"Allah gafarta Malam, na goge. Yanzu suna cikin maganarsu."

Malam ya soma. Wasan ya tambaye shi: ka rufe rumfa yanzu, ko ka ƙarasa aikin da ke hannunka? Ya zaɓi ya ƙarasa. Ya isa gida an riga an dawo daga maƙabarta. Ya ɗaure fuska, ya ce a mayar da shi farko. Wannan karon ya rufe rumfa nan take, sai ruwa ya tsare motar a hanya. Ya sake komawa, ya bar mota ya hau babur, ya ƙi tsayawa ko gaisawa da mai rake. Duk da haka ya makara.

"Kai, yaro! Babu hanyar da mutum zai iske ta?"

"Babu, Malam."

"Don me?"

"Don ni ma ban iske ta ba."

Malam ya mayar da ido kan wayar. Fuskarta ta yi baƙi, ba zane ko ɗaya, sai layi ɗaya na rubutu: "Ta ce a rufe furar a ajiye, ko wani zai zo da yunwa."

Ana jiyo karatun 'yan mata daga cikin gida. Malam ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin rawani.

"Ka san sunana?"

"Malam Modibbo."

"Ba sunana ba ne. Sunana Abdulkahar. Ni ne na fari a wurin mahaifiyata. Tun ina rarrafe ta laƙaba mini Modibbo don kada bakinta ya kama sunan, har laƙabin ya bi ni. Ta rasu ina gabas wajen karatu. Shekara arba'in ke nan ban sami wanda zan tambaya ko ta neme ni ba." Ya mayar da tabaransa. "Wa ya rubuta wannan?"

"Afra'u ce. Layin ƙarshe kuwa na Inna ne da bakinta."

"An ce mini wasa kake yi. Wannan ba wasa ba ne, ta'aziyya ce." Ya miƙo masa wayar da hannu biyu. "Ka turo magabatanka."

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Wasan kuwa ya shiga wayoyin mutane. Wasu sun ce ba hoto, ba daɗi, suka goge shi. Wasu kuma sun rubuto cewa suna gamawa suka kira gida.

Wata ranar Asabar Fiddausi ta kawo wa amarya ziyara a Dutse. Abdulrauf ya dawo daga rumfa da azahar, ya shigo soro yana cire takalmi, sai ya jiyo su a tsakar gida.

"Anti Afra'u, in shanye sauran furar nan?"

"A'a, rufe ki ajiye," in ji Afra'u. "Wancan bai ci komai ba tun safe."

Ya tsaya a soron, takalmi ɗaya a hannu. Bai yi sallama ba sai da idonsa ya bushe.

Allah Ya jiƙan Inna Larai, Ya sanya albarka a wannan gida, Ya ba su zuriya mai jin maganar da ba a faɗa ba.