Gawar da Liman Ya Ƙi Yi wa Salla

Tun asuba Yusha'u tela ya cika, har rana ta take tsaka gawarsa na kwance a ɗaki babu wanda ya leƙo. A unguwar Abakpa fa, inda ko akuyarka ta mutu sai an zo maka jaje. Laifinsa guda ne: shekarar da ake haramar zaɓe, Turawa na shirin naɗe tabarmarsu, ya yanki katin jam'iyyar da ba ta manya ba. Shi ke nan wansa Malam Idi, limamin unguwa, ya ce wanda ya saɓa wa shugabanni ya bar addini. Aka daina kawo masa ɗinki, aka daina amsa masa sallama, har ciwo ya kwantar da shi.

Matarsa Safara'u ta je ta durƙusa a bakin zauren liman, hawaye na ɗiga a mayafinta.

“Yaya, ka dubi Allah. Nono ɗaya kuka sha. Rana tana yi, kuma zafi ake...”

“Ni ba ni da ƙani,” in ji Malam Idi. “Kira 'yan jam'iyyarsu su yi masa salla da kati.”

Ta koma ta ɗebi ruwa ta yi wa mijinta wanka da hannunta, tana kuka mai cin rai. Ba mutuwar kaɗai take wa kuka ba. Ita ma ai ta gaskata liman. Wata uku ta ware masa kwano, ko sannu ba ta ce masa. Jiya da la'asar ya dube ta ya ce, “Safara'u, har da ke?” Ta kau da kai. Allah sarki... maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Maƙwabciyarta Balaraba mai ƙosai, wadda bakinta ba ya kwana da zance, ta kai labari kasuwa. Kafin azahar sai ga mahauta, 'yan dako, leburorin jirgin ƙasa, har da akawun ofis daga unguwar Doka. Malam Idi ya fito zai kore su, sai wani tsoho, Mamman mai wankin hula, ya tare shi.

“Malam, shekara goma sha biyar bawan Allah nan ke ɗinka wa matattunmu likkafani kyauta. Bai taɓa tambayar gawa katinta ba. Matsa mana.”

Sahu tara aka yi a sallar gawar, ba tare da liman ba. Da la'asar liman ya idar da salla a masallaci ya waiga, daga shi sai buzunsa. Sati bai zagayo ba aka ba wani limanci.

Ran sadakar arba'in ya lallaɓo, rawani a karkace, ya tsuguna a ƙofar ɗakin takaba.

“Safara'u, ki yafe mini.”

Ta ɗago kai daga jan carbi.

“Yaya, ka yi ɓatan ƙofa. Wanda ni da kai za mu roƙa, ya riga ya tafi.”