Kafin Lallen Ya Koɗe

A gaban tabarmar mai lalle suka fara haɗuwa, cikin kasuwar 'Yar Kutungu, a shekarar da aka yi wa ma'aikata rabon kuɗin Udoji. Lokaci ne da duk saurayin da ka gani a Katsina, ko dai da sabuwar rediyo a kafaɗa, ko sabon babur a ƙarƙashinsa.

Safara'u na durƙushe tana murza garin lalle tsakanin yatsunta, sai ta ji wani a bayanta yana cewa a auna masa daga waccan ƙwaryar mai ɗan ja-ja. Ba ta saba sa baki a cinikin mutane ba, amma maganar ta kuɓuce mata.

"Wancan ya kwana biyu. Kore ake saye."

Ta ɗago, ta ga dogon saurayi, baƙin mai ya zauna a faratansa, yana kallonta yana murmushi.

"Na gemu nike so, ba na ƙafa ba," in ji shi. "Na babanmu ne. In ya sa ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ya koɗe, sai ya ce ƙasa muka sayo mashi."

Ta sunkuyar da kai, ta yi masa bayani a hankali. A kwaɓa da ruwan tsamiya ko lemun tsami, a bar kwaɓin ya kwana. In an shafa a rufe da tsumma, kada a yi gaggawar wankewa. In za a wanke, da ruwa zalla, kada sabulu ya taɓa shi sai ya kwana biyu ya kama. Daga nan sai a riƙa shafa man shanu.

"Ikon Allah! Malama, a wace makaranta aka yi wanga karatu?"

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ɗauki ƙullinta ta tafi.

A kanta ta yi karatun. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu furfura ta fara fito mata a tsakiyar kai, kamar yadda ta fito wa mahaifiyarta, Allah Ya jiƙanta. Kakarta Iya Asabe, wadda ta rene ta a Ƙofar Guga, ita ke rina mata gashin da lalle a ƙuryar ɗaki, ta kitse shi da hannunta. Ko ƙawayenta ba su sani ba. Abin da suka sani kawai, Safara'u ba ta zuwa gidan kitso, kuma ba ta cire ɗankwali a gaban kowa.

Ba a yi mako biyu ba saurayin ya yi sallama a ƙofar gidansu bayan la'asar. Ashe mai lallen ya kwatanta masa. Sunansa Dabo, ɗan Ƙofar Kaura, direban babbar mota ne, yana ɗauko siminti daga Ikko.

"Na zo kawo rahoto, Malamar lalle. Gemu na nan ja wur. Jiya a masallaci har tambayarshi aka yi."

Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

Tun daga ranar, in yana gari sai ya zo. Ba mai yawan magana ba ce, shi kuwa bakinsa cike da labarin hanya: gadar Jabba, jiragen ruwa da suka yi layi a teku suna jiran a sauke su, matan Ikko da ke tuƙa mota. Ita ta sa masa suna Ɗan Ikko. Kullum in ya tafi, sai ta tsaya a zaure har ƙarar takalminsa ta ɓace, sannan ta kai hannu ta taɓa ɗankwalinta.

"Ki hwaɗa mashi," Iya ta ce mata wata rana tana taje mata kai. "Mijinki dai sai ya gani."

"Sai an ɗan jima, Iya."

"Har yaushe?"

Safara'u ta sha jin yadda mata ke tsegumi a gidan biki: wance ta tsufa a gida, wance iska ya taɓa ta. Tsoronta kada Dabo ya kalle ta da irin wannan idon.

Da manyansa suka nemi izini aka ba su, sai tafiya ta kama shi. Wannan karon layin siminti ya riƙe shi a Ikko, mako ya bi mako. Ana nan sai abokin aikinsa Ɗanjuma ya iso da saƙo: ƙaramar rikoda, da kaset, da wata doguwar kwalba mai ruwa kore a ciki. Safara'u ta shige ɗaki ta danna.

"Salamu alaikum, Malamar lalle. Ni ne. Ina fata kina lafiya, da Iya, da mutanen gida. Nan dai muna nan, mota kan mota, ba a san ranar lodi ba. Abincinsu barkono ne zalla. Kin ga kwalbar nan? Shamfu ake ce mashi, na wanke kai ne. Na shiga wani kanti na ji ƙanshinshi, sai na ce wanga ba na kowa ba ne sai Safara'u. Ki riƙa sawa. In iska ta taso daga arewa, sai in ce ke ce. Ban iya magana da na'ura ba, sai in ga kamar mahaukaci. Ki yi mani addu'a. Ina kewarki, wallahi."

Ta maido kaset ɗin baya ta sake ji. Ta sake.

A ranar Iya ba ta nan, ta tafi Batsari gaisuwar rasuwa, kuma jiya-jiya ta sa mata sabon lalle kafin ta kama hanya. Safara'u ta san ƙa'ida, ita ta koya wa Dabo. Amma da ta buɗe kwalbar ta shinshina, sai ta ce a ranta ai wannan ba sabulu ba ne, ruwa ne mai ƙanshi. Ta zuba a tafin hannu ta wanke kanta ba tare da ta tsefe kitson ba.

Washegari ma haka. Duk sanda ta ji kaset ɗin zuciyarta ta yi nauyi, sai ta ɗebi ruwa ta zagaya bayan ɗaki, ta zauna a rana har kan ya bushe, ƙanshin na bin ta. Madubinta ɗan ƙarami ne, fuska kawai yake nunawa. Ba wanda zai ce mata ga abin da ke faruwa a tsakiyar kanta.

Kafin Iya ta dawo, Gwaggo Tani, ƙanwar mahaifin Dabo, ta iso da wasu mata biyu ɗauke da kayan na-gani-ina-so. Aka shimfiɗa musu tabarma, aka gaisa, aka sake gaisawa. Gwaggo ta zaro wani ɗankwali mai walƙiya daga cikin kayan.

"Taho nan, ɗiyata, in gwada maki da hannuna."

Kafin Safara'u ta yi wani motsi, tsohon ɗankwalin ya bar kanta.

Jan lallen ya koɗe ya koma kalar busasshiyar ciyawa, ga fari fat ya bi layin kitso.

"Innalillahi," in ji Gwaggo a hankali. Ta ninke ɗankwalin ta mayar cikin kaya. "Yarinya, shekarunki nawa?"

Ba su tafi da kayan ba, amma ba su sha furar da aka dama musu ba. Kafin mako ya zagayo magana ta dawo Ƙofar Guga: Inna Sabuwa, mahaifiyar Dabo, ta ce a dakata. Wasu sun ce yarinyar ta girme shi, wasu sun ce ciwo ne. Gwaggo kuwa har ta fara ambaton wata 'yar ƙawarta mai gashi har gadon baya.

Iya ta dawo ta tarar da jikarta ta rame. Ta ɗauki kwalbar ta duba, ta ajiye, ba ta yi faɗa ba.

"Kawo lalle in sa maki."

"Bar shi, Iya. Wa zan ɓoye mawa kuma?"

Ta daina kunna rikodar. Amma in babbar mota ta wuce ta bakin titi, sai hannunta ya tsaya a kan abin da take yi har ƙarar ta yi nisa.

Ranar da Dabo ya dawo, ko wanka bai yi ba ya zo. Ya yi sallama ya sake, ta ƙi fita. Sai da Iya ta ce, "Tashi. Ko rabuwa ce, a yi ta ido da ido."

Ta same shi a zaure, idanunsa sun yi ja saboda hanya.

"Mi na yi maki, Malamar lalle? A gida an ce mani wata magana, ban gane ba. Na ce sai na ji daga bakinki."

Ta kwance ɗankwalin, ta sunkuyar da kai inda hasken ƙofa ke faɗowa.

Ya matso ya duba.

"Tun yaushe?"

"Tun ina yarinya. Haka mahaifiyata take. Lalle nike sawa, shamfunka ya wanke shi."

"Shamfuna?" Ya dafe kai. "Ke da kika ce kada sabulu ya taɓa! Ni kuma na aiko shi tun daga Ikko, na naɗe cikin riga don kada ya fashe."

"Ba laifinka ba ne. Ni ce ban hwaɗa maka ba. In ka fasa, ba zan riƙe ka ba."

"Ɗago ki dube ni, Safara'u." Ta ɗago. "Na kwana cikin mota sauro na cizo, ba gashinki nike tunawa ba, ai ban taɓa ganinshi ba. Muryarki nike ji. Yanzu na gani. To, sai mi?"

Hawayen da ta riƙe tun zuwan Gwaggo suka zubo.

"Inna fa?"

"Inna zan roƙa ta zo da kanta. Ba zan yi mata gardama ba, amma ba zan daina roƙo ba."

Ya sha zarya kafin ta yarda. Wata rana da hantsi Inna Sabuwa ta zo, ita kaɗai, 'yar gajeriyar mace marar fara'a. Bayan gaisuwa ta ce a kira yarinyar. Ta duba kan da kyau, ta taɓa, ta duba idanunta da tafin hannunta. Iya ta ba ta labarin haihuwar Safara'u, ta ambaci ungozomar da ta karɓe ta, wadda har yanzu tana raye a Gobarau, ta ce a je a tambaya.

"Na yarda," in ji Inna. "Ba furfurar ta dame ni ba, Iya, kowa can za shi. Ɓoyewar ce. Wadda ta ɓoye wanga, ban san mi ke cikin ranta game da ɗana ba. Ko shi take so, ko mafaka take nema."

Safara'u ta buɗe baki, kunya ta rufe shi. Yaya za ta faɗi irin wannan a gaban uwar miji?

"Ina abin da ya wanke shi ɗin?" Inna ta tambaya.

Iya ta miƙo kwalbar. Inna ta ɗaga ta sama, ta karkata. Ɗan abin da ya rage a gindi bai fi cokali ba.

"Wagga doguwar kwalba? Shi ya ce mani tana yin wata da watanni."

"Ai ba don datti take wankewa ba," in ji Iya. "Maƙwabta sun ba ni labari. In ta ji muryarshi a rikoda, sai ta ɗauki bokiti. Wata rana har sau biyu. Ita da ta fi kowa sanin abin da sabulu ke yi wa lalle."

Safara'u ta cusa fuska cikin gwiwoyinta, ta so ƙasa ta tsage.

Inna ta dubi kwalbar, ta dubi yarinyar. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ce, irin wadda ba a saba ji daga gare ta ba.

"Kai, yaran zamani! Shi wawa ya sayo, ke wawuya kin zuba." Ta goge ido da bakin zane. "Iya, a jiƙa tsamiya. Lallen biki daga gidanmu za ya fito, kuma ni zan sa mata a kai da hannuna. Tani kuwa ku bar ni da ita."

Haka aka yi. Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Ranar sa lalle, Inna Sabuwa ta zauna a gaban mata ta kwance wa amarya kai, ta shafa mata kwaɓin tun daga goshi har ƙeya, ta naɗe da tsumma. Gwaggo Tani ma, da aka miƙa mata ƙwaryar, ta riƙe.

Hutun ango bai daɗe ba, mota ta sake kira. Da safe Safara'u ta raka shi har zaure, kanta ja kamar garwashi a ƙarƙashin mayafi, yana ƙanshin man shanu.

"Ga alkawari," in ji Dabo. "Duk tafiya, kafin lallen nan ya koɗe na dawo."

"Kada ka yi saurin alkawari, Ɗan Ikko. Ni fa na iya sa shi ya daɗe."

"To ki rage iyawa."

Ta yi murmushi, ta gyara masa wuyan riga.

"In ka wuce lokaci, sabulu zan sa. Ka dawo ka tarar da tsohuwa."

"In tarar da ita," ya ce. "Ita na aura."

Daga cikin gida muryar Inna ta taso: "Ku bar shi ya tahi, rana na yi! Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo da kai lafiya. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ku yi furfura tare."

Safara'u ta amsa da amin a hankali, ta tsaya a bakin zaure, kanta a ɗage, har ya sha kwana.