Gurbin da Ba a Cikewa

Ana gab da magariba Lukmanu ya tayar da babur daga Kura ya bi gefen babban kanal ta wajen Bunkure, yana tafe yana tsaki. Wata gona zai je ya gani, ya tambayi sunan mai ita, ya dawo.

Shekara bakwai ya yi a Fatakwal yana zanen bututu a kwamfuta. Ya zo duba mahaifiyarsa ne, wani ɗan kwangila ya riƙe shi da aiki: taswirorin gonakin rani, fayil ɗari huɗu da ɗoriya, kowanne a sabunta masa kwanan wata, lambar ƙofar ruwa da sunan mai gona. Wani aikin na jiransa a kudu ƙarshen wata, wannan kuwa da hannu sai ya ci mako uku. Ga sauro, ga ƙarar injin casar shinkafa, ga janareton da ba ya mutuwa sai a tsakiyar aiki. Garin ya ishe shi. Sai ya rubuta wa manhajar zanen ɗan umarni, layi talatin, wanda zai buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ya cire musu makulli, ya canja abin canjawa, ya adana. In ya tarar da gurbin mai gona babu komai, ya sa “Lukmanu” na wucin gadi, don kada aiki ya tsaya.

Minti ashirin aka gama. Gurbi ɗaya tak ne babu suna.

Shi ne kuma ya ƙi goguwa. Ya goge da hannu, sunan ya dawo. Ya sake rubuta umarnin har sau uku, ya dawo. Ɗan kwangila ya ce ba zai karɓi aikin da mai zane ya ba kansa gona ba.

Da ya kai kuka wurin Malam Isiyaku, tsohon da ya zana taswirorin a takarda tun farko, sai dattijon ya ajiye goron hannunsa. Ya ce shi da kansa ya sa aka kulle fayil ɗin. Tun da aka haƙa kanal ba a taɓa rubuta sunan kowa a wurin ba, ba a kuma shuka komai. Manoman layin ne ke karɓa-karɓa, duk Laraba da yamma wani ya buɗe wa gonar ruwanta, ya tafi ba waiwaye.

“Baba, kwamfuta ba ta san wannan ba.”

“Su ai sun sani,” in ji tsohon a hankali.

Lukmanu ya ɗauka wani mai wayo ne ke ɓoye filinsa. Ranar da ya tayar da babur ɗin kuwa Laraba ce.

Ya kashe babur a bakin ƙofar ruwan. An riga an buɗe ta, ba kowa. Ruwa na gangarawa cikin wani fili mai faɗin tabarma arba'in, baƙar laka zalla. Ya yi sallama sau biyu. Ya sake tsaki, ya tattare wando ya sauka, ko zai ga wata alama a kan iyaka.

Kwaɗi suka yi shiru. Duka, lokaci guda.

Sai ƙamshin shinkafar da ake turarawa, mai ɗumi, kamar an buɗe tukunya a gaban hancinsa. Babu gida ko ɗaya a kusa.

Wani abu ya goge masa gwiwa. Ya duba. Zangarniya ce, nunanniya, ta sunkuya don nauyi. Ya ɗaga kai, filin duk shinkafa, tana kaɗawa, alhali ko ganye ba ya motsi a bakin kanal.

A tsakiya akwai masu yanka. Sun duƙa, sun ba shi baya. Lauje na tafiya, amma ba a jin sautinsa.

Na kusa da shi ya miƙe. Ya yi ta miƙewa.

“Sannu da zuwa, mai gona.”

Muryar daga ƙasa ta fito, daga cikin ruwan da ke tsakanin ƙafafunsa.

“Kuskure ne,” Lukmanu ya ce, da ƙyar. “Na wucin gadi ne. Zan goge.”

“Shekara talatin muna jira a rubuta mana wani.”

Laka ta kama idon sawunsa. Ta hau ƙwauri. Sanyinta ya kai ƙirji.

“An rubuta,” in ji muryar.

Can nesa ladanin wani ƙauye ya ɗaga murya. Lukmanu ya bi shi da baki, ya fizge ƙafa ɗaya, ya fizge ɗayar. Takalman suka zauna. Bai san yadda ya hau babur ba.

Kwana huɗu ya yi yana zazzaɓi. Da ya tashi, Malam Isiyaku ya zo da tsohuwar taswirar takarda, ya shimfiɗa masa. Sunan Lukmanu na nan a gurbin, tawadar ta koɗe daidai da sauran.

Tsohon ne ya je ya yi wa ɗan kwangila bayani, aka karɓi aikin. Lukmanu ya haɗa jaka. Sau uku yana shiga motar kudu. Duk sa'ad da aka wuce Kwanar Ɗangora sai ƙafafunsa su jiƙe, numfashi ya ƙi fita, kamar an danna kansa cikin ruwa, har fasinjoji su sa direba ya sauke shi. Da ya juyo gida sai ya warware.

Aikin Fatakwal an ba wani. Manoman layin kuwa sun daina karɓa-karɓa. Sun ce gona ta sami mai ita.