Gurbin da Ke Gefen Ango

Sarƙar gwal ɗin da Firdausi ta gada daga mahaifiyarta ta ɓace ranar bikinta, a wani gida da ke unguwar Mile One. Kafin Sufeto Indabawa ya iso, 'yan biki sun gama shari'arsu: wai Martina ce, maƙwabciyarsu 'yar Kafanchan, wadda ta wuni a gindin murhu. An kulle ta a ɗaki, samari na ta huci a bakin ƙofa.

Indabawa bai taɓa ganin girman hukuncin taro ba. Ya sa aka buɗe ta.

"Me ya sa sai ita?" ya tambaya.

Gimba, babban abokin ango, ya miƙo wayarsa. "Yallaɓai, ga hoto. An ce kowa ya fito a ɗauki hoto, har tsohuwar da ke gadin ɗakin amarya inda sarƙar take. Duk ga mu nan, ita kaɗai ce babu."

"Oga, shinkafa ce a wuta," in ji Martina. "Firdausi a bayana ta girma. Firdausi, ki faɗa musu mana."

Amarya ta sunkuyar da kai. Shirun nan ya fi kullen yi wa Martina ciwo, Indabawa kuma ya gani.

Ya ƙura wa hoton ido. Maza a hagu, mata a dama, ango da amarya a tsakiya, Gimba kafaɗa da kafaɗa da ango. Sai dai a gefen maza rana ce ƙwal, kowa ya ƙanƙance ido. A gefen mata kuwa hadari ya rufe, ko inuwa babu.

Ya sa aka kira Ya'u mai hoto. "Malam, sama biyu gare ku a unguwar nan?"

Ya'u ya sosa ƙeya. "Layin ne ba faɗi, ba inda zan ja da baya. Sai na ɗauki rabin maza tukuna, sannan rabin mata, na haɗe su a kwamfuta. Mata kuwa sun ci lokaci, wannan na gyara ɗauri, waccan na neman ɗanta."

"Na tsakiya fa?"

"Dole su fito a duka biyun, da su nake daidaita haɗin."

Indabawa ya juya ga Gimba. "Ka gusa daga wurinka?"

"Ko taku ɗaya. Ina manne da ango har aka watse."

"Ya'u, nuna mana rabin mata kafin ka haɗe."

Ya'u ya buɗo hoton: ga amarya, ga ango, gefensa kuma wayam, sai gurbin mutum ɗaya.

"Af, ai Gimba ne ma ya ce in sa a fito da tsohuwa," in ji Ya'u.

Indabawa ya ce a binciki Gimba. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya laluba aljihunsa bai sami komai ba, sai Indabawa ya cire masa hula. Sarƙa ta zubo ƙasa.

"Sharrin shaiɗan ne," in ji Gimba a sanyaye. "Na san ba za a zargi wanda ke cikin hoto ba."

"To a ofis akwai wani hoton da ke jiranka," in ji Indabawa. "Na masu laifi. Shi kai kaɗai ne, ba haɗi."

Ana tasa ƙeyarsa zuwa mota, Firdausi ta durƙusa gaban Martina tana kuka. Martina ta ɗauki sarƙar, ta goge da bakin zaninta, ta ɗaura mata a wuya.

"Tashi, kada kwalliyarki ta ɓaci," ta ce. Ta kwashi tukwanenta ta fita, ba ta waiwayo ba.