Ƙyallen Da Bai Koma Jaka Ba

Ranar Lahadi da hantsi aka kira Sufeto Maharazu aka ce wata mai yin itace ta ga gawa a kwazazzabon da ke bayan duwatsun Karshi. Ya ajiye shayinsa ya ɗauki hula. Shekararsa goma sha tara a aiki, kuma ya daɗe da daina jin komai idan aka ce gawa.

Inda hanyar mota ta ƙare, shi da Saje Christina suka taka da ƙafa kusan awa guda. Wurin yana da kyau, ba ƙarya: duwatsu tsaye hagu da dama, gora ta yi duhu, rafi yana gudu a ƙasa. Duk Asabar ma'aikatan Abuja suke zuwa nan da takalman wasanni su hau dutse don nishaɗi. Matan ƙauyen kullum suke hawansa da itace a kafaɗa, ba wanda ya taɓa ɗaukarsu hoto.

Gawar budurwa ce, ta maƙale tsakanin duwatsu biyu. Katin da ke aljihunta ya ce Serah, tela a Jikwoyi. Jiya da la'asar an tafka ruwa a kan tudu, ambaliya ta biyo kwazazzabon ta tafi da ita.

Maharazu ya tsuguna. Idon sawunta na hagu ya kumbura, an ɗaure shi da jan ƙyalle. Ya ja bakin ƙyallen, ƙullin ya ƙara matsewa.

"Ita ta ɗaura?" in ji Christina.

"Ƙullin yana bayan dunduniya. Wani ne ya durƙusa ya ɗaura mata."

Kafin su koma ofis an riga an kulle Thaddeus, jagoran ƙungiyar masu yawon dutsen da Serah ta bi jiya. DPO ya ce gobe Litinin za a kai shi kotu kan sakaci da rai. 'Yan'uwan yarinyar suna bakin ƙofa, kuma suna son ganin wani a ankwa.

Maharazu ya sa aka fito da shi.

"Mutum nawa ka tafi da su?"

"Ashirin da shida, oga. Serah sabuwa ce, jiya ta fara zuwa. Ba ta san kowa ba."

"Da kuka fito ka ƙirga?"

Thaddeus ya sunkuyar da kai. "Ba mu ƙirgawa. Ni ina gaba, ina ɗaura jan ƙyalle a itatuwa don a ga hanya. Akwai na baya, shi ba ya wuce kowa, yana tafe yana kwance ƙyallen. In ya ba ni jaka a hannu, ma'ana babu kowa a daji. Shekara shida haka muke yi."

"Wane ne na baya?"

"Kingsley. Ya ba ni jaka, oga. Ya ce an cika."

Aka zazzage jakar a kan tebur. Thaddeus ya ce talatin yake ɗaurawa kullum. Christina ta ƙirga sau biyu, ashirin da tara ta samu.

Da rana Kingsley ya zo tare da matarsa Perpetual, ita ma 'yar ƙungiyar ce. Ƙato ne, mai lodin kwanon rufi a kasuwar Dei-Dei.

"Yaushe ka ga Serah na ƙarshe?"

"Wurin da muka ci abinci. Daga nan ta yi gaba, ban sake ganinta ba."

"Ƙyalle ɗaya ya ɓace."

"Iska tana ɗauka wani lokaci, oga."

Perpetual ta karɓe zancen. "Yana bayana tun daga farko har ƙarshe. Ko ina na juya ina ganin shi."

Maharazu ya nemi wayarta, ya buɗe hoton da ƙungiyar ta ɗauka a bakin mota bayan sun sauko daga dutse. Kowa yana dariya, hannu sama. Ya matso da hoton. Wandon kowa a bushe yake, na Kingsley kuwa jiƙe har gwiwa.

Bayan sun tafi ya tambayi Thaddeus ko hanyarsu tana ratsa ruwa.

"Ko kusa. Da damina na hana kowa sauka cikin kwazazzabo. Wanda ya sauka, mun kore shi daga ƙungiya."

Litinin da sassafe Maharazu ya roƙi DPO ya ba shi awa uku kafin a kai Thaddeus kotu, ya ɗauki Christina suka nufi Dei-Dei. Ya tsaya a inuwar wata rumfa yana kallon Kingsley a kan tirela yana ɗaure kwano. Kingsley ya zagaya igiya sau biyu, ya cusa baki ta ƙasa, ya fizga. Da ya sauko, Sufeto ya je ya ja bakin igiyar, ƙullin ya ƙara matsewa.

Ya fito da jan ƙyallen a cikin leda, da ƙullinsa yadda aka yanko shi daga ƙafar gawa, ya ɗora kusa da igiyar.

Kingsley ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan tulin kwano.

"Ta ce tana son ganin inda ruwa ke zubowa," ya ce. "Na ce zo in nuna miki, minti goma ne. Muka sauka. Ta zame a kan dutse."

"Sai ka ɗaure mata ƙafa."

"E."

"Me ya hana ka kira mutane? Maza nawa ne a sama?"

"Matata tana sama, oga. Za ta ce me na je yi da yarinya a cikin rami. Kuma Thaddeus zai kore ni. Na ce bari mota ta sauke mu, in hau babur in dawo in ɗauke ta, ba wanda zai sani."

"Ka kuma kwance sauran ƙyallayen."

"In ban kawo jaka ba za su tambaya."

"Ka dawo?"

"Ina kan hanya ruwa ya sauko. Na tsaya a ƙarƙashin gada." Ya shafa fuskarsa. "Da ya ɗauke, na san ba amfani."

Maharazu ya tuna wani faffaɗan dutse da ya gani jiya, taku biyar daga inda aka tsinci gorar ruwanta. Ambaliya ba ta kai kansa ba, kuma ko da rarrafe mutum zai iya hawa. Tun jiya abin yake masa yawo a kai.

"Hadari ya daɗe yana haɗuwa. Me ya sa ba ta hau sama ba?"

Kingsley bai ɗago ba. "Na ce mata kada ta motsa daga wurin, don in na dawo in same ta. Ta ce to."

Christina ta sa masa ankwa. Masu lodi suka buɗe hanya, wani ya hau tirelar ya ci gaba da ɗaurin da ya rage.

A ofis aka saki Thaddeus. Ya sa hannu a takarda, aka miƙa masa agogonsa da jakar ƙyallaye. Ya karɓi agogon, ya bar jakar a kan kanta.

"Kayanka ne," in ji Maharazu.

"Da na ƙirga mutane, oga. Ashirin da shida ne kawai."

Ya fita. Maharazu ya koma teburinsa, kofin shayin jiya yana nan inda ya bar shi. Ya jawo fom ya fara cikewa. Da ya zo layin da ake rubuta dalilin mutuwa, ya riƙe biro ya daɗe, sannan ya rubuta: ruwa.