Wasan da Ya Tona Asirin Baba

Liatu na tankaɗen gari a tsakar gidansu da ke unguwar Wunti sai murfin tukunya ya suɓuce wa mahaifiyarta ya faɗi. Nan take mahaifinta Obadiya ya rarrafa ƙarƙashin teburinsa na kafinta, ya toshe kunnuwa yana karkarwa. Shekara goma sha biyar ke nan da dawowarsa daga yaƙin duniya na biyu a ƙasar Bama, amma duk ƙara mai ƙarfi sai ta mayar da shi can. Iyalin sun rufa masa asiri, har a coci ba wanda ya sani.

Mutum ɗaya Liatu ta taɓa faɗa wa, wato Jesse, malamin makarantar mishan, wanda aka yi musu baiko. Shi da abokansa sukan shirya ƙananan wasannin kwaikwayo, ba dandamali, ba labule, sai tabarma a tsakiyar 'yan kallo. Da bikin 'yancin kai ya zo a 1960, ba a ba su wuri a babban fili ba, sai suka shimfiɗa tabarmarsu a gefe, bayan masu sayar da masa. Liatu da kanta ta lallashi Baba ya zo kallo, ba ta san abin da za a nuna ba.

Wasan na wani soja ne da ya dawo gida, Jesse ne sojan. Aka buga gwangwani, ya faɗa ƙarƙashin benci yana makyarkyata. Ya zaci mutane za su yi kuka, sai suka tuntsire da dariya. Wani ya gane ɗingishin ƙafar hagun da Jesse ke kwaikwayo irin na Obadiya ne, ya zunɗi tsohon, kawuna suka juyo. Tsohon ya miƙe a hankali ya fita.

A gida ya tambayi Liatu ko ita ta faɗa. Ta durƙusa ta amsa. Bai doke ta ba, bai ɗaga murya ba.

"Abin da na ɓoye wa fasto, 'yata ta kai shi kasuwa," in ji shi.

Washegari ya mayar da kayan baiko. Ya daina zuwa coci, don yaran unguwa sun koyi buga gwangwani a bayansa. Liatu ta yi kuka har idanunta suka kumbura.

Jesse ya tare ta a bakin rijiya. "Allah ya sani ba izgili na nufa ba, Liatu. Ba wasan ban dariya ba ne. So nake garin nan ya san abin da aka yi wa irin su Baba."

"Ka tambaye shi? Ni ma ka tambaye ni?"

Da ya ce su gudu Jos su yi aure, ta ce ta riga ta karya zuciyar tsohon sau ɗaya, ba za ta ƙara ba. Ta kuma ƙi duk wanda ya zo nemanta. Jesse kuwa kowace Lahadi yakan durƙusa a zaure ya yi gaisuwa, ba mai amsawa.

A shekara ta uku ciwo ya kwantar da Obadiya, ya sa aka shigo da Jesse.

"Ka yi kuskure a wasanka, yaro. Ba tsoron mutuwa ke sa ni ɓuya ba. Abokina Bakari na bari a cikin rami yana kirana, na gudu. Da ka zo ka zauna, da na faɗa maka."

Jesse ya kifa kai yana kuka. Tsohon ya kama hannunsa ya haɗa da na Liatu. Bai ga ranar auren ba, ya rasu farkon damina.

Haƙuri ya ba Liatu mijin da take so, amma bai dawo wa mahaifinta da shekara ukun da ya yi a kulle ba. Shi ya sa har ta tsufa take gaya wa 'ya'yanta cewa ciwon da aka ba ka amana ba naka ba ne, komai kyan niyyarka. Kafin ka nuna wa duniya, je ka tambayi mai shi.